Bayan karayar muƙamuƙi haƙora sun daina haɗuwa: gogewa, ƙarfe, roba ko komawa tiyata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi wannan rubutun ne saboda mutumin da ya karye a muƙamuƙi ko a ƙashin fuska, aka yi masa magani, kumburi ya saɓe, kowa na ta yi masa barka da arziki, amma shi kaɗai ya san bakin nan ba kamar da yake ba. In ya rufe baki sai haƙoran baya su riga haɗuwa, na gaba su bar ƙofa har harshe na leƙowa, ko ya ji da ɓangare ɗaya kawai yake iya tauna, ko ya duba madubi ya ga haɓa ta karkace. A gidanmu abin ya faru. Ƙanina yana acaba ta wajen Agege a Legas, mota ta ture shi ya faɗi da haɓa, hular kwano tana rataye a hannun babur, aka ɗaure masa baki da waya sati 6 yana shan kunu da koko ta tsinken shan lemo, da aka kwance kuma sai ga shi ko tsire baya iya yagowa da haƙoran gaba. Daga nan muka shiga yawon neman mafita, wani ya ce a sa ƙarfen jera haƙora, wani ya ce robar jera haƙora ce ake yayi yanzu, wani ya ce sai an sake karya ƙashin. Ni ba likita ba ne, abin da na koya a zaman layi da tambayar likitoci ne zan shimfiɗa, don wanda ke tsaye a inda muka tsaya kar ya zubar da kuɗinsa a inda ba nan ciwon yake ba.

Abubuwan da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko, kuma wallahi shi ne uban sauran: matsalar a haƙori take ko a ƙashi? Ƙarfen haƙori da roba haƙori suke matsarwa a cikin ƙashi, a hankali, wajen milimita 1 a wata. Ba sa matsar da muƙamuƙin babban mutum da ya gama girma. Toh in ƙashin ne ya haɗe a karkace, ka ga harsashin gini ne ya goce, kai kuma kana ta gyaran tagogi.

Yadda abin ke faruwa shi ne, muƙamuƙin ƙasa yana da kai guda biyu da ke shiga gaɓa a gaban kunne, in ka sa yatsa a wurin ka buɗe baki zaka ji yana motsi. Wanda ya faɗi da haɓa, ƙarfin bugun yakan bi ƙashi ya je ya karya wuyan wannan kan. In gefe ɗaya ne, gefen ya gajarce, haɓa ta riƙa karkata zuwa wajen da ya karye musamman lokacin buɗe baki. In duka biyun ne, turamen baya su riga haɗuwa, gaba ya zauna a buɗe, irin na ƙanina kenan. Muƙamuƙin sama kuma likitoci suna kasa karayarsa gida uku, Le Fort na 1, na 2 da na 3, sunan wani likitan Faransa ne René Le Fort da ya bayyana su a 1901, kuma in irin wannan ta warke ba daidai ba tsakiyar fuska takan shige ciki, haƙoran ƙasa su wuce na sama. Duk waɗannan na ƙashi ne. Na haƙori kuma shi ne inda ƙashi ya koma mazauninsa lafiya amma wani haƙori ya goce, ko ya nutse, ko ya fita aka bar giɓi har maƙwabtansa suka kwanto ciki.

Ba a gane wannan da ido kawai. Sai an yi hoton da ake kira OPG wanda ke nuna duka haƙora da muƙamuƙi a faifai ɗaya, da hoton kai ta gefe, sau da yawa har da sikanin CT, wato hoton kwamfuta mai nuna ƙashi ta kowane gefe, sannan a ɗauki awon haƙoranka a zuba samfurinsu a gwada haɗa na sama da na ƙasa a hannu. In samfurin ya zauna daram a hannun likita amma a bakinka baya zama, toh ƙashi ne. Kuma dan Allah ka tafi da tsoffin hotunanka na kafin haɗari, wanda kake dariya haƙora a waje, na biki ko na sallah. Mu hoton ɗaurin auren wani abokinsa ne ya nuna wa likita cewa da can haƙoran yaron suna rufuwa tsaf.

Na biyu, tun yaushe aka karye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin muƙamuƙi yana ɗaukan wajen sati 4 zuwa 6 kafin ya kama, a cikin satuttukan farko likita zai iya gyara zaman da robobin ja ko ya sake daidaita karayar, amma in an yi watanni ƙashi ya riga ya ƙulle, sai dai a yanka. Shi ya sa in an kwance maka waya ka ji cizo ba daidai ba, a ranar zaka faɗa, kar ka ce bari na ga ko zai daidaita da kansa, kar kuma kunya ta hana ka don kana ganin likita ya yi ƙoƙari.

Sai kuɗi, kuma ba kuɗin ranar farko kaɗai ba, har da hotuna, kuɗin mota, ranakun da ba ka fita nema ba. Ban sa adadi ba da gangan, kusan duk kayan aikin nan daga waje ake shigo da su, tun da aka saki naira a 2023 farashinsu ke bin dala, abin da aka faɗa wa wani bara ba shi za a faɗa maka ba, saboda haka zan jera hanyoyin gyaran ne daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Sai ɗorewa, wato bayan shekara biyar gyaran na nan ko ya koma. Sai wahalar zama da abin a yau da gobe. Sai haɗari.

Hanya ta 1: gogewa, hular haƙori da cike giɓi

Wannan na ƙaramar matsala ne. Likita zai sa maka wata siririyar takarda mai launi ka ciza, inda ya riga taɓawa ya nuna, sai ya goge ɗan kaɗan daga saman haƙorin. Ko ya ƙara wa wanda ya gajarce tsawo da ciko ko hula. In haƙora sun zube a haɗarin, a cike da na cirewa, ko gada, wato haƙorin da ake jingina wa na gefensa, ko dashe mai sukuru a ƙashi.

Gogewa ita ce mafi araha a duk jerin nan, zuwa ɗaya ko biyu an gama. Haƙoran cirewa ma ba su da tsada sosai, hula ta fi su, dashe kuma kuɗi ne sosai kuma sai ƙashin wurin ya isa, sai an jira watanni kafin ya kama. Haɗarin gogewa guda ɗaya ne amma babba: abin da aka goge baya dawowa. In tazarar gaba babba ce wani ya ce zai yi ta cin turamen baya har gaba ya haɗu, ka tashi ka bar wurin, gyaran gangar auzinawa za a yi maka, ka koma ruwan sanyi ma baka iya sha saboda tsamin haƙori kuma gaban bai rufe ba. Ɗan abin da bai wuce kaurin farce ba ake gogewa.

Wata shawara a nan, in akwai yiwuwar zaka sa ƙarfe ko ka yi tiyata nan gaba, kar ka fara da dashe. Dashe baya motsi, ya zama kamar turke, sai a gama jera haƙora a san inda giɓin zai tsaya tukunna.

Hanya ta 2: ƙarfen haƙori

Shi ne wanda aka fi sani, ƙananan ƙarafa a manne a kowane haƙori, waya ta bi ta cikinsu, ana ƙara ɗaurewa duk bayan sati 4 zuwa 8. Yawanci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani ya wuce. A kuɗi yana tsakiya, a asibitin koyarwa ya fi sauƙi a kan na kuɗi da ke Ikeja ko Lekki ko Victoria Island, kuma wurare da dama suna yarda a biya kashi-kashi, ka tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da abin riƙe haƙora da ake sawa bayan an cire ƙarfe da kuma gyaran ƙarfen da ya ɓalle.

Abin da yake iyawa yana da yawa fiye da yadda nake zato da farko. Yana miƙar da haƙorin da ya kwanta, yana jawo wanda ya nutse, yana buɗe giɓin da ya matse don a samu wurin sa haƙori, kuma da robobin da ake ratayawa tsakanin sama da ƙasa yana iya rufe ƴar tazara. Yanzu ma akwai ƙananan sukurori da ake ɗaurawa a ƙashin dasashi na ɗan lokaci, a jingina da su a tura turamen baya ciki, gaba ya sauko ya rufe. Wato ko da ƙashi ya ɗan goce kaɗan, ana iya ɓoye gocewar da haƙora. Amma kalmar ita ce kaɗan. Haɓar da ta karkace tana nan a karkace bayan an cire ƙarfe, fuskar da ta shige ciki tana nan, kuma buɗaɗɗen gaba da aka rufe da jan haƙora kawai yana daga cikin gyaran da aka san yana son komawa.

A nan ne muka kusa yin asara. Wani wuri mai kyan gani da sanyin AC, ba zan kama suna ba, ko hoto ba su nema ba, mutumin ya leƙa bakin yaron minti biyu ya ce ƙarfe zai gyara, a kawo rabin kuɗi. Allah ya taimake mu kuɗin ba su cika ba a lokacin. Da muka je inda aka yi hoto aka ga kawunan muƙamuƙin biyu duk sun gajarce, likitan ya ce da an sa ƙarfen nan da shekara biyu za mu yi muna jan haƙora a banza. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin na san akwai ƴan uwanmu da yawa da ba su tsallake irin wannan ba, ga rashin jin Turanci ga ganin girman farar riga.

Haɗarinsa ga wanda ya yi haɗari ya ɗan fi na kowa. Haƙorin da ya bugu jijiyarsa na iya mutuwa a hankali, zaka ga yana canza launi, saiwarsa kuma na iya zaizayewa in aka ja shi da wuri, shi ya sa likitoci ke jira, wata 3 in bugun ƙarami ne, har zuwa shekara ko fiye in saiwa ta tsage ko haƙorin ya fita aka mayar. Akwai ma wanda ke mannewa da ƙashi ya ƙi motsi sam. Sannan in akwai faranti da sukurori da aka ɗaure ƙashin da su a aikin farko, dole a duba ko suna kan hanyar saiwa. Ga batun tsafta, abinci na maƙalewa, in baka wanke da buroshi da kyau safe da dare ba, ranar cirewa zaka ga fararen tabo da ruɓa da dasashi mai jini. Asuwaki yana da kyau amma shi kaɗai baya shiga ƙarƙashin waya.

Zama da shi kuma sai haƙuri. Kwana uku na farko bayan kowane ɗauri akwai tsami. Rake, goro, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, ƙashin kaza, masara gasassa, duk sai ka ajiye ko ka yanka ƙanana ka tura baya. Amma babbar wahalar ga mutanenmu na Legas ita ce zirga-zirga. Wanda ke Mile 12 ko Alaba Rago ko Ajah, zuwa asibiti ɗaya wuni ne guda a gosulo, ka ninka sau 20 ko fiye. Na Agege sun ɗan samu sauƙi tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki a 2024, yana tsayawa Ikeja da Mushin, wajen da asibitocin koyarwa suke. Ɗan ci-rani da ke komawa gida noma duk damina ya yi wata huɗu ko biyar, wannan ya zauna ya yi lissafi sosai, ƙarfe ba a barinsa ba mai dubawa, waya zata ci gaba da aikinta ko ta karye ta soki kunci. In ka san zaman ka a arewa ya fi yawa gara ka fara a can, asibitin koyarwa na Aminu Kano da na ABU a Shika duk suna da sashen haƙori da tiyatar fuska, domin canza likita a tsakiyar aiki yakan zama sabon biya.

Kuma don Allah, ƙarfen ado da ake tallarsa a Instagram da TikTok ana manna wa mutane a shago, wannan ba magani ba ne, ga mai lafiyayyen baki ma ɓarna ne balle wanda ya karye.

Hanya ta 3: roba marar launi

Wasu faifan roba ne garai-garai da ake ƙerawa daidai bakinka bayan an yi sikanin haƙora da kwamfuta, kana sa ɗaya sati 1 ko 2 ka canza na gaba. Invisalign ne sunan da aka fi sani, na wani kamfanin Amurka, akwai wasu kuma. Sharaɗinta awa 20 zuwa 22 a baki kullum, ci da wanke baki kawai ake cirewa.

Daɗinta a fili yake, ba a ganinta sosai, kana cin abin da kake so, wanke baki ba wahala, zuwa asibiti bai kai na ƙarfe yawa ba. Ma'aikacin banki ko amarya ko mai hulɗa da jama'a zai so ta. Amma ta fi ƙarfe tsada nesa, kuɗinta na bin dala kai tsaye, in ta ɓace ko ta fashe sai an jira wata. Kuma duk aikin yana wuyanka, mai shan shayi sau biyar a rana da cin goro tsakani, ko mai aikin lodi a Apapa da ba shi da wurin wanke hannu balle baki, awannin ba za su cika ba, in ba su cika ba kuwa kuɗi sun tafi. Ga wanda bakinsa baya buɗuwa sosai bayan karaya, sawa da cirewa ma aiki ne.

Ra'ayina a kanta, ga matsalar bayan karaya ita ce ta fi ƙarancin wurin shiga. Ƙaramar gocewar haƙora eh. Jawo haƙorin da ya nutse ko juya wanda ya murɗe sosai, ƙarfe ya fi ta iko. Ƙashi kuwa, abin da ƙarfe bai iya ba ita ma bata iya ba, tsadarta bata sa ta zama tiyata.

Hanya ta 4: tiyatar daidaita muƙamuƙi

Ita ce wadda kowa ke gudu, mu ma mun guje ta wata da watanni, mahaifiyarmu daga gida tana waya tana cewa a bar yaro haka tunda yana raye. Na fahimce ta. Amma in ƙashi ne ya haɗe a karkace sosai, ita kaɗai ce ke zuwa inda matsalar take.

Ana sa mutum barci gaba ɗaya, likitan tiyatar baki da fuska ya yanka ƙashin, galibi ta cikin baki ba tare da tabo a waje ba, ya mayar da shi inda haƙora za su haɗu, ya ɗaure da ƙananan faranti da sukurori na ƙarfen titaniyam waɗanda yawanci ba a cirewa sai in sun kawo damuwa. Wani lokacin tsohon layin karayar ake sake buɗewa. Wani lokacin a tsaga muƙamuƙin ƙasa ta baya gefe biyu, aikin da likita Hugo Obwegeser ya shahara da shi tun shekarun 1950, ko a yanka na sama a kan layin Le Fort na 1 a gyara zamansa. Ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanka. A nan Legas asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, da LASUTH a Ikeja, duk suna da sashen tiyatar baki da fuska da kuma likitocin daidaita haƙora, kuma amfanin irin waɗannan wuraren shi ne likitocin biyu za su iya duba ka tare su tsara abu ɗaya.

Ga wani abu da ba kowa ke faɗa maka ba. Wanda aka haifa da muƙamuƙi a goce yakan sa ƙarfe shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tiyata, da wasu watanni bayanta. Amma wanda haƙoransa ke haɗuwa lafiya kafin haɗari, kuma bai daɗe sosai ba, sau da yawa jerin haƙoransa na nan yadda yake, ƙashin kawai za a mayar, ƙarfen ya zama na ɗan lokaci ko ma a wuce shi. In aka bar abin shekaru, haƙora su kan bi karkacewar su sake zama, sai aikin ya zama biyu. Wato jinkiri na ƙara kuɗi.

A kuɗi ita ce mai nauyi a lokaci ɗaya: gwaje-gwaje, CT, kuɗin ɗakin tiyata, faranti da sukurori da sau da yawa kai zaka saya, gado, magani, kuma a tanadi ƴan uwa masu ba da jini. A asibitin gwamnati da sauƙi a kan na kuɗi amma akwai jiran layi. In kana da inshorar lafiya ka je ofishinsu da takardar likita ka ji abin da za su ɗauka a rubuce, ka kuma tabbatar takardar ta nuna gyaran raunin haɗari ne ba kwalliya ba.

Wahalarta gajeriya ce amma mai zafi. Kwanaki a asibiti, fuska ta kumbura sosai kwana biyu ukun farko, abinci mai ruwa sannan mai laushi har wajen sati 6, kunun gyaɗa, fura da nono da aka dama sosai, faten dankali, ƙwai, romo, mutum zai rame. Ba ɗaukan kaya, ba hawa babur. Haɗarinta kuma a faɗe shi gaskiya: akwai jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa tana ba leɓe da haɓa ji, in an taɓa ta wurin zai yi dindiris watanni, wasu kuma jin baya dawowa duka. Akwai zubar jini, akwai shigar ƙwayoyin cuta, akwai haɗarin maganin barci, akwai ɗan komawa baya. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sikila, ya faɗa tun ranar farko. Mai shan sigari ya daina, tana hana ƙashi da rauni warkewa. Ɗorewa kuwa, in ƙashi ya kama a daidai, ita ta fi sauran.

Ƙanina ita aka yi masa daga ƙarshe, da ƙarfe na wasu watanni bayanta. Gefen leɓensa na hagu har yanzu jin bai gama dawowa ba, yana faɗa. Amma ranar da ya gatsa burodi da haƙoran gaba ya yanke, ni da shi duk sai da muka yi shiru.

Ga su a jere

| Hanya | Kuɗi | Tsawon lokaci | Ɗorewa | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gogewa, ciko, hula | Mafi sauƙi, banda dashe | Daga zuwa ɗaya har ƴan makonni | Mai kyau in matsalar ƙarama ce | Kaɗan | Abin da aka goge baya dawowa |
| Ƙarfe | Matsakaici | Shekara 1 da rabi zuwa 2 | Sai da abin riƙewa | Zuwa asibiti kusan duk wata, takurar abinci | Zaizayar saiwa, ruɓa, komawa |
| Roba | Ya fi ƙarfe sosai | Watanni zuwa shekara 2 | Sai da abin riƙewa | Awa 20 zuwa 22 kullum | Rashin sawa, bata kai ƙashi |
| Tiyata | Mafi nauyi a lokaci ɗaya | Sati 6 na jinya, da ƙarfe in ana buƙata | Mafi ɗorewa ga matsalar ƙashi | Mai tsanani amma gajeriya | Dindiris a leɓe, jini, maganin barci |

Abin riƙewar nan da na ambata a sama, wata roba ce ko siririyar waya a bayan haƙora da ake sawa bayan an cire ƙarfe ko an gama roba. Ba zaɓi ba ne. Haƙori yana son komawa tsohon wurinsa, wanda ya yar da ita bayan wata biyu ya sayi komawa baya da kuɗinsa.

Yara da bakin da ya ƙi buɗuwa

Wannan daban ne kuma yana ci min rai. Yaro ya faɗo daga bene ko mangwaro ko babur ya bugi haɓa, aka ɗinke ƴar tsagar haɓa aka koma gida, ba wanda ya duba gaban kunne. Bayan shekara biyu uku baki ya fara ƙin buɗuwa, haɓa ta ƙi girma ko ta karkace, domin gaɓar ta manne da ƙashin kai. Babban mutum lafiyayye yana buɗe baki wajen milimita 35 zuwa 50, kusan yatsunsa uku a jere. In yaronka ko kai kanka buɗewar na raguwa bayan faɗuwa, ba maganar ƙarfe ko roba ake ba, ba kuma ta mai ɗori ba duk da mutuncin da muke ba su a karayar hannu da ƙafa, wannan sai tiyata a saki gaɓar, sannan motsa baki kullum na watanni ko da zafi, in ba haka ba ta sake mannewa. A ɗaya ɓangaren, yaron da aka gano karayarsa da wuri yana da sa'ar da babba bai da ita, ƙashinsa na girma yana sake siffa, sau da yawa da robobi da na'urar cirewa da bibiya ake wucewa. Babbar tiyatar daidaita muƙamuƙi kuma akan jira sai girma ya tsaya, wajen shekara 17 zuwa 20, maza sun fi mata jinkiri.

Wa ya dace da wace

In ba a fi sati biyu uku da karayar ko da kwance waya ba kuma kana jin cizo ya canza, ka manta da duk jerin nan, ka koma wurin wanda ya yi maka aikin a wannan satin.

In haƙori ɗaya ko biyu ne ke riga taɓawa, fuska daidai, hoto ya nuna ƙashi lafiya, gogewa kaɗan ko ciko ya ishe ka.

In ƙashi ya zauna daidai ko gocewar ƴar kaɗan ce, amma haƙora sun kwanta ko giɓi ya matse, kuma kana zaune a Legas shekara biyu masu zuwa, ƙarfe. In aikinka na gaban jama'a ne, aljihu zai ɗauka, ka san kanka da bin doka, kuma likitan daidaita haƙora da ya ga hotonka ya ce roba zata iya, toh roba.

In haƙora sun zube, a fara tsara zaman sauran, a sa na cirewa na wucin gadi, dashe ko gada su zo ƙarshe.

In gaba a buɗe yake har kana tura yatsa, ko haɓa ta karkace ana gani daga nesa, ko tsakiyar fuska ta shige, ko tauna ta gagara har kana ramewa, ka je sashen tiyatar baki da fuska, ka nemi su zauna da likitan daidaita haƙora a kanka. In kuɗin bai samu yanzu ba, gara ka yi hoto da awo ka san matsayinka ka fara tari, ƙungiyar ƴan garinku ko ta sana'arku ko masallacin unguwa su sa hannu kamar yadda aka yi mana, da ka kai rabin kuɗin wurin mai ƙarfe don ya fi araha.

In kai ɗan ci-rani ne mai tafiya gida duk damina, ka zaɓi gari ɗaya da za a yi aikin daga farko har ƙarshe, ka karɓi kwafin hotunanka da takardar bayanin aikin farko ka adana a waya da kuma a leda.

In kuma dattijo ne ko mai ciwon da maganin barci zai yi masa nauyi, kuma yana iya cin tuwonsa ba ciwo, a gyara masa abin da za a iya da gogewa da haƙoran cirewa, a riƙa duba gaɓar lokaci-lokaci. Ko wace ka ɗauka, ka tambayi mai duba ka ko yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN kuma ko wannan fannin ne ya ƙware a kai, in Turanci ko Yarbanci na ba ka wahala ka tafi da wanda zai fassara maka, ka ce a nuna maka a hoton inda ƙashin ya karye da inda yake yanzu.